Sabon Fiffiken Mbah Suwignyo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyarmu ta matuƙa gantole, wato fiffiken tashi sama, ta Tudun Wulung, Pak Hartoyo. Mai girma dagacin wannan ƙauye, wanda ya ara mana rumfarsa da kujerunsa da haƙurinsa. Limaminmu da sauran malamai. Dokta Wuryani, likitarmu kuma shugabar kwamitin kiyaye haɗari. Iyayenmu manoma, waɗanda muke faɗo musu cikin gona ba sallama su kuma tarbe mu da ruwan sha. Iyayenmu mata da ke bayan rumfa, waɗanda hayaƙin tsiren da suke gasawa ya riga ya raba hankalin taron nan gida biyu. 'Yan'uwana matuƙa, masu furfura da masu rina ta. Da duk wanda ya zo kallo ko ya zo cin abinci, ina gaishe ku gaisuwar girma, barkanmu da la'asar.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu a ƙasa lafiya, mu da muka saba rabuwa a sama. Ina gode wa shugaba da ya miƙo mini wannan lasifika, duk da ya san ni, ya kuma san wanda ya ba Sarjimin lasifika sai ya yi da gaske kafin ya karɓe ta. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sarjimin ɗin, mai shagon yadin batik a babbar kasuwar Solo. Na yi shekara arba'in ina sayar wa mutane abin da suka rantse ba su zo saye ba, na yi talatin ina rataye a ƙarƙashin fiffike. Karatuna bai yi nisa ba, amma ya ishe ni in karanta ƙuduri in gane wanda aka ɗinka wa shi.

Jama'a, abin da ya tara mu yau, in aka cire tsire da shayi, abu ɗaya ne. Dokta Wuryani ta kawo ƙuduri cewa duk wanda ya cika shekara saba'in ya ajiye katinsa na tashi, ya koma ɗan kallo. Da na sauka daga nan za a ɗaga hannu. To, a ƙungiyar nan kaf mutum ɗaya ne ya haura saba'in: Mbah Suwignyo, wato kakanmu, mai shekara saba'in da uku, wanda ya fara zubowa daga wancan tudun tun ba a ɗaura auren iyayen wasunku ba. In ƙudurin nan ya wuce da yammacin nan, Mbah ya yi sallama da sama ke nan. Ga kujerarsa can a sahun gaba, kusa da uwargidansa Bu Partinah, ba kowa a kai. Kada ku ce fushi ya yi. Zan gaya muku inda yake, amma ni ɗan kasuwa ne, ba na fara buɗe wa mutum yadin da ya fi kyau tun bai zauna ba.

Ga baƙinmu, bari in faɗa a taƙaice. Gantole ba jirgi ba ne, ba shi da inji, ba ya shan mai. Ƙyalle ne da aka ɗame a kan bututun alminiyam, mutum ya rataye kansa a ƙarƙashinsa cikin jaka, ya saɓa shi a kafaɗa, ya ruga a guje ya bar tudu a bayansa. Injinsa ƙafa, birkinsa ma ƙafa. Ku riƙe mini wannan, za mu dawo kansa.

Ban hau nan don in ci mutuncin Dokta ba, Allah ya kiyaye. Ita ce ta isa wurin Mbah bara, ranar da ya faɗi a cikin filin can, kafin kowa, ita ta ɗaure masa damtse da sandar rogo da ɗankwalinta, ita ta zauna a bayan mota tana riƙe da shi har asibiti. Wanda ya ga abin da ta gani yana da hakkin ya kawo ƙuduri. Abin da na zo faɗa shi ne, ciwon ta gan shi daidai, amma dalilinsa yana wani wuri da ba a duba ba.

Kun san dokarmu ta farko, wadda ta girmi rubutun tsarin ƙungiya. Daga gindin bishiyoyin da muke haɗa fiffike zuwa dandamalin tashi akwai ɗan hawa mai tsakuwa, kuma a wannan hawan ba a ɗaukar wa matuƙi fiffikensa. Kowa ya saɓa nasa. Wa ya kafa dokar? Mbah da kansa. Na ga ranar da ya mayar da wani babban ɗan kwangila gida don direbansa ya kama masa wutsiya. Mutumin ya ce, "Pak, ka san ko ni wane ne?" Mbah ya ce, "Na sani mana. Iskar ce ba ta sani ba, kuma ba ta jin Jawanci." Hikimar dokar a fili take: hawan nan shi ne gwajin ranar. In kafaɗa da gwiwa sun kai ka dandamali, za su iya gudun tashi, za su iya gudun sauka. In sun gaza a hawa, ka ji labari tun kana ƙasa, ka naɗe kayanka ka je ka sha shayi.

To bara me ya faru? Mbah ya haɗa tsohon fiffikensa na tsere, wanda duk muke kira Ɓauna, kilo talatin da shida, mai ƙyalle ruɓi biyu, mai gudu kamar an biyo shi. Ya sunkuya zai saɓa, sai matuƙa biyu, ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda ba zan kama sunansu ba don suna nan suna kallon takalmansu, suka taso da sauri. "Haba Mbah, muna tsaye kana ɗaukar kaya? Ai sai a zage mu a gida." Ya ce a'a, suka ce don Allah. Ya sake cewa a'a a hankali, suka ɗauka kara ce irin tamu. Kun san mu Jawawa: babba ba ya son ya kunyata ƙarami a gaban mutane, ƙarami ba ya iya kallon babba da kaya. Suka kai masa Ɓauna har dandamali, yana biye da su hannu a baya kamar mai duba gona. Iska ta taimaka, ya tashi. Da ya zo sauka iskar ta ɗauke ɗif, Ɓauna ta ce sai a yi gudu da ita, ƙafafu suka ce yau ba su zo aiki ba. Hancin fiffike ya caki ƙasa, damtse ya karye.

Jama'a, ina roƙonku ku duba da kyau. Ranar nan gwajin da zai gaya wa Mbah gaskiya yana nan, tarbiyyarmu ce ta ɗauke masa shi. Da an bar shi da Ɓauna a hawan nan, da ya ajiye ta a rabin hanya, da ya sha shayinsa da hannu biyu. Ladabinmu ne ya kai shi dandamali da fiffiken da ya fi ƙarfinsa.

Na je duba shi a gida bayan an sallamo shi. Na tarar an saya masa kurciya a keji an rataye a baranda, kamar yadda ake yi wa kowane tsoho da aka gama da shi. Ya dube ni, ya kira ni ƙanensa kamar yadda ya saba, ya ce, "Dik Jimin, ka ga abin da na zama? Ni da nake kallon gadon bayan shaho daga sama, wai in zauna ina sauraron wannan tana kiran sunan kakarta." Bu Partinah na daga kicin ta ce, "Ita dai ba a taɓa yi mata ɗori ba." Ya ce, "Ai ba ta taɓa zuwa ko'ina ba." Ta ce, "Kai da ka je, me ka kawo mana ban da likita?" Na sha dariya, amma da na fito na waiwaya na ga ya juya kujerarsa tana fuskantar bango, don daga barandar ana hango tudun nan. Daga nan na ce a raina, ba mutumin za a sauya ba, hajar za a sauya. Wannan kuwa sana'ata ce.

Saboda haka ku ba ni dama in jero muku abin da na koya game da zaɓen fiffike mara nauyi wanda ya dace da mai shekaru. Kada matasa su yi hamma. Layin nan kowa na kansa, wasu dai sun riga wasu zuwa gaba.

Abu na farko, kuma a nan kowa ke faɗawa: mafi ƙanƙanta ba shi ne mafi sauƙi ba. Da hannun Mbah ya warke, Dokta da kanta ta ce ƙashi ya kama, sai ya tafi ɗakin ajiyar ƙungiya da sikelin masu sayen rogo, ya rataye fikafikai ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda allurar sikeli ta fi tausaya wa. Wani ɗan ƙarami ne da aka yi wa masu jikin tsinke. Muka tafi gangaren koyo na bakin tafki. Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba! Mbah na gudu, fiffike na biye da shi kamar bai san shi ba. Ya ƙara wuta, fiffike ya ce a ƙara. Gangare ya ƙare, gudu bai ƙare ba, sai cikin garken agwagin Pak dagaci. Ya fito da gashin agwagwa a hular kwano ya ce, "Dik Jimin, wannan ba fiffike ba ne, lema ce." Dalili kuwa ɗaya ne: ƙaramin ƙyalle yana bukatar gudu mai yawa kafin ya ɗauki mutum, kuma da gudun nan zai dire shi. Abin da ka rage wa kafaɗa ka ɗora wa gwiwa. Mai shekaru yana son ƙyalle mai faɗi a kan ƙashi mara nauyi, wanda zai ɗauke shi daga taku kaɗan ya kuma ajiye shi a hankali. Amma kada a zarce: kowane fiffike maƙeransa sun faɗi nauyin mutumin da ya dace da shi, ka hau sikeli da jakarka da hularka da lemar ceto, ba da gajeren wando ba, ka tabbata kana cikin iyakar. Wanda ya fi ka girma ƙwarai, shi zai tuƙa ka.

Abu na biyu: nauyin da aka rubuta daban, nauyin da kafaɗa ke ji daban. Muka hau jirgin ƙasa ni da Mbah zuwa Bandung, wurin wani dillali mai shigo da fikafikai. Yaro mai baki, na yaba masa, da zai zo Solo da na ba shi aiki. Ya fito da wani mai sheƙi ya ce, "Mbah, wannan ko jariri zai ɗaga shi da hannu ɗaya." Na ce, "Madalla, samari. Ba mu zo da jariri ba, amma a haɗa shi a tsakar gida, a kuma kawo mini shayi mai zafi." Ya ce, "Shayi kuma, Pak?" Na ce, "Shi ne ma'aunina." Aka haɗa, Mbah ya shiga ƙarƙashi ya saɓa, ni kuma na zauna ina hura shayi. Don me? Don a kan dandamali ba a tashi sai iska ta daidaita, kuma iska ba ta da agogo. Mutum zai tsaya da fiffike a wuya yana jira. Wanda ba za ka iya riƙewa ba har shayi ya huce a sha, ba naka ba ne. Mai sheƙin nan, ban kai ga kurɓar farko ba na ga hancinsa na ɗagawa, wutsiya na jan Mbah baya, jijiyar wuyansa ta fito. Nauyinsa duk a baya yake. Na biyu, sandunan riƙonsa an yi su ne don dogayen Turawa, Mbah ya miƙe iya tsayinsa amma sandar ƙasa na shafar tsakuwa. Na uku fa? Kilo ashirin da biyu, fari da ruwan ɗorawa. Ya zauna a kafaɗarsa daram kamar sandar da mai tallan miya ke rataya tukwanensa. Na shanye shayi, na nemi ƙari, na shanye, Mbah na tsaye yana ba dillali labarin yadda ake tashi kafin a haife shi. Farashi kuwa ba zan faɗa ba, don Bu Partinah na nan kuma an gaya mata wani abu daban.

Abu na uku: a nemi mai ƙyalle falle ɗaya. Na sani, na sani, na ga matasa na taɓe baki. Ba ya tsere, ba ya ƙetare tafki ya dawo, ba a cin kofi da shi. To wa ya ce Mbah na neman kofi? Kofunansa sun cika kabad har ana zuba barkono a wasu. Mai falle ɗaya yana tafiya a hankali, yana juyawa da ɗan motsin ƙugu, ba sai ka yi kokawa da shi ba, kuma in ka yi kuskure kaɗan wurin sauka yana yafe maka. Sannan ku ƙirga haƙarƙarinsa, sandunan nan sirara da ake zurawa cikin ƙyalle. Ɓauna tana da kusan talatin, kuma kowane ɗaya sai ka durƙusa a rana ka zura, ka miƙe, ka sake durƙusawa. Kafin ka gama ka yi sallar dare ba lada, ƙarfin da za ka tashi da shi ya tafi a haɗawa. Sabon na Mbah ko rabin haka bai kai ba.

Abu na huɗu, kuma nan shagona ne: rashin nauyi ba hujja ba ce ta sayen ruɓaɓɓe. Da yawa za su ce bari in nemi na hannu. Ba laifi, amma a duba shi kamar yadda uwar amarya ke duba yadi. Ranarmu ta nan tana cin ƙyalle tun yana sheƙi. Ka buɗe inda ya naɗe, inda rana ba ta gani, ka gwada launinsa da na saman. In sun yi hannun riga, an sha rana. Ka danna babban yatsa kusa da ɗinki ka ji ko zare na kuka. Ka zare bututu ka leƙa ciki, musamman in daga bakin teku ya zo, don gishiri ta ciki yake ci. Wayoyin ƙarfen da ke ɗaure da shi kuwa a sauya su sababbi, ba ciniki a nan. Kuma kada ka yarda da fiffiken da wani ya rage masa nauyi da zarto a bayan gida. Wanda aka ƙera mara nauyi aka gwada shi aka ba shi shaida, shi muke nufi. A ƙarshe, malami ya fara tashi da shi a gabanka, kai kuma ka koma gangaren koyo kamar sabon shiga. Mbah ya koma. Wanda ya koya wa rabin rumfar nan tashi ya bi layi a bayan ɗalibai.

Abu na biyar shi ne tayoyi, kuma a kansu aka yi yaƙin duniya a gidan Mbah. Kun san 'yan tayoyin nan biyu da ake saka wa sandar ƙasa, don in ƙafa ta makara fiffike ya gangara maimakon ya caki ƙasa. Kun kuma san yadda muke kallonsu: alamar ɗan koyo. Ranar da ɗalibi ya cire tayoyi har walima muke yi. Mbah ya ce, "Ni? A gan ni da tayoyi kamar keken yara? Gara in zauna da kurciya." Bu Partinah ta ajiye ludayi ta ce, "To zauna. Keken yara bai taɓa sa na yi wata biyu ina yi wa ƙato wanka ba. Ko ka saka, ko in ciro na baro in ɗaura maka da kaina." Ya ce, "Mutane za su yi dariya, Bu." Ta ce, "Su yi. Ranar da aka kwaso ka a bayan mota ba wanda ya yi dariya, ka fi son wannan?" Washegari na gan shi da sifana yana ɗaura tayoyin.

Yauwa! Alhamdu lillahi! Shugaba, ka gafarce ni, na ga Bu Partinah ta ɗaga mafici. Jama'a, kwandon da ke kan cinyarta ba kayan ƙwalama ba ne a ciki, rediyon oba-oba ce ta jin labarin kan tudu, kuma maficin nan alama ce tsakanina da ita. Yanzu zan buɗe yadin da na ɓoye.

Mbah Suwignyo yana kan tudu tun bayan azahar. Ba a ɓoye ya je ba, ba kuma a kan karya doka ba: katinsa na aljihunsa, ƙuduri bai wuce ba tukuna, shugaba shaida ne. Wanda ke tare da shi kuwa Mas Kuncoro ne, babban malamin tashi na ƙungiyar nan, wanda, in kun tuna, shi ne mutum na biyu da ya sa hannu a ƙudurin Dokta. Shi muka zaɓa da gangan. Sharaɗinsa ɗaya: Mbah zai haɗa da kansa, zai saɓa da kansa, zai hau da kansa, duk wanda ke wurin hannunsa a aljihu, in gwiwa ta yi rawa ko sau ɗaya, a naɗe a sauko a mota, ni kuma in hau nan in goyi bayan Dokta da bakina. Na yarda da haka, Mbah ya yarda. Maficin nan ma'anarsa gwiwa ba ta yi rawa ba. Ma'anarsa Mbah ya bar ƙasa! In kun ga na ja jawabi, na bi ta kan agwagi na bi ta kan shayi, iskar la'asar nake jira ta kwanta. Ai na gaya muku ba ta da agogo.

Ku zauna, ku zauna, ba zai iso yanzu ba, fiffikensa ba ya sauri, kuma wannan ya kawo ni abu na shida, wanda in na ɓoye shi na ci amanar Dokta. Fiffike mara nauyi yana da iyaka. Ba ya kutsawa cikin iska mai ƙarfi, ba ya son tsakar rana lokacin da zafi ke tafasa sama yana jifa da mutum. Mai shekaru ya zaɓi sa'arsa kamar yadda ya zaɓi fiffikensa: sassafe, ko irin wannan lokaci, iska mai laushi daga tafki, fili mai faɗi a ƙasa. Ranar da ba haka ba, a zauna. Kuma ranar na zuwa, ga Mbah, ga ni, ga kowa, da ko mai kilo ashirin da biyun zai gagara a hawan nan. Ba na musun zuwanta. Abin da nake roƙo shi ne a bar hawan ya faɗa mana ranar, kada takardar haihuwa ta riga shi. Akwai ɗan hamsin a rumfar nan da ba zai kai Ɓauna dandamali ba, ina ganinsa, yana riƙe da tsire biyu. Saboda haka ga abin da nake kawowa a madadin ƙuduri: a dawo da dokar hawa da ƙarfinta, ba sani ba sabo, ba Mbah ba Pak, wanda ya kama wa wani fiffike a hawan nan, shi za a dakatar, mai shekaru ya tashi da fiffike mara nauyi mai tayoyi, a sa'ar da malami ya amince.

Ga shi can! Jama'a, ku dubi saman bishiyar kwakwar can, dama da hasumiyar masallaci! Fari da ruwan ɗorawa! Allahu Akbar! Ku fito daga rumfa, ku fito, lasifika za ta bi ku. Ku dubi yadda yake tafe, kamar ba shi da wurin zuwa. Ku dubi wannan juyi, don Allah ku dubi wannan juyi! Matasa, ku buɗe ido, ba a sayar da wannan a Bandung. Ya bi ta bakin tafki, ya dawo, yana duba tutar iska. Yara, ku fita daga fili! Pak dagaci, a kama agwagin nan, sun san shi!

Ya miƙe. Yana zuwa. A hankali, Mbah, a hankali. Ku duba, bai sauke ƙafa ba, yana kwance a jakarsa. Zai iya dira da ƙafa a wannan iska, wallahi zai iya, amma ya ƙi. A kan tayoyin zai sauka, a gaban kowa, a gaban ɗalibansa! Ƙasa, ƙasa, ƙasa... ya taɓa! Yana gangarawa, yana gangarawa, ya tsaya. Alhamdu lillahi Rabbil alamin! To ina masu dariyar? Ban ji kowa ba. Bu Partinah, share hawayen, ko ki bar su, yau ba mai ganin laifinki.

Kai! Kai, ku biyun nan, ina za ku? Ku tsaya nan! Kada wanda ya taɓa masa fiffike! Hannu a aljihu, na ce! Yanzun nan na gama bayani. Ku bar shi ya kwance kansa, ku bar shi ya miƙe. Yauwa. Ya sunkuya. Ya saɓa. Ku buɗe masa hanya, jama'a, ku buɗe masa hanya kawai, shi ne girmamawar da yake bukata daga gare mu. Ga shi nan yana takowa da kayansa a kafaɗa, shekara saba'in da uku.

Shugaba, na ga Dokta ta ɗaga hannu. Bismillah, Dokta, ina ji, zan maimaita wa na baya. Ta ce ta janye maganar shekara saba'in. Ku dakata da tafin, ba ta gama ba. Ta ce da sharaɗi: duk wanda ya haura sittin zai yi gwajin hawa da gwajin shayi a gabanta kowace shekara, ta kuma auna masa jini da zuciya, kuma ita za ta dafa shayin. Sittin, Dokta? Ba saba'in ba? To ai ni ina da sittin da huɗu. Jama'a, kun gani, na zo fansar wani an haɗa da ni. Na karɓa, Dokta, na karɓa hannu biyu, ciniki ya faɗa. Sai dai ina roƙon kada shayin ya cika zafi.

Ya Allah, ka saka wa Dokta Wuryani da alheri, ka ƙara mata tsayuwa a kan gaskiya ko da a kanmu ne. Ka ƙara wa Mbah Suwignyo lafiya da ƙarfin gwiwa, ka ba shi hikimar gane ranar da zai ajiye, ka sa ya ajiye da hannunsa yana murmushi. Ka ba Bu Partinah ladan haƙuri. Ka albarkaci gonakin da muke sauka a ciki da masu su, ka ba wannan ƙauye damina mai albarka. Ka koya wa matasanmu ladabin da ke ceto, ka ba tsofaffinmu kunnen jin gaskiya. Duk wanda ya tashi daga wancan tudun, ya Allah, ka sauke shi lafiya, da ƙafa ko da taya, ka mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Shugaba, ga lasifikarka, ba sai ka ƙwata ba. A ɗaga hannu, sannan a ba Mbah kujerarsa da tsire mai zafi.

Na gode.